GIDAN RADIYON JAMA'A GAYYA CE, BA KANTI BA NE



Cikin rangadin da munka yi na makarantun yaƙi da jahilci, mun sauka wani gari mai gidan radiyo. Mun iske ƙofar gidan da kwaɗo. Dogon ƙarfen shina nan tsaye. Allunan hasken rana suna bisa rufi, ƙura ta lulluɓe su. Munka tambayi mai gadi. Ya gaya mamu an daɗe ba a yi magana ba, don batir ya mutu, kuma babu kuɗin sayen wani.

Da dare munka zauna da ɗaliban makaranta. Wasu sun ce gwamnati za ta zo ta gyara. Wasu sun ce masu furoje sunka kawo kayan, su za su komo su gyara. Ba wanda ya ce: mu za mu gyara. Shi ya sa munka ga ya kamata mu yi bayani cikin jaridarmu. Gidan radiyon jama'a na wa ne? Ƙaƙa yake aiki? Wa ke ɗauke da shi?

GIDAN RADIYO IRI 3 NE

Na farko shi ne na gwamnati. Ya fara magana a shekara ta 1958 da sunan Radiyo Nijar. Daga baya anka raɗa mashi suna Muryar Sahel. Gwamnati ke biyan ma'aikatanshi, kuma ƙasa duka yake yi ma magana.

Na biyu shi ne na masu zaman kansu. Sun fara fitowa cikin shekarun 1990, mafi yawa a manyan birane. Mai kuɗi ke kafa nashi, shi ɗauki ma'aikata, shi yi talla, shi bidi riba kamar mai kanti.

Na uku shi ne gidan radiyon jama'a. Wanga ba na gwamnati ba ne, ba na attajiri ba ne. Na mutanen gari ne da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Ba a kafa shi don riba ba. Masu magana cikinshi ƴan gari ne, ƴan sa kai. Ku tuna da gayya: kowa shi zo da hauyarshi, a nome gona, ba wanda ke jiran lada. Haka wanga radiyo yake.

DAGA INA ABIN YA FARO?

Tsofaffinmu suna tune da ƙungiyoyin sauraren radiyo da anka kafa a Nijar a shekara ta 1962. Mutane su taru da dare wurin akwatin radiyo guda. Su saurari shiri bisa noma ko lafiya. In an ƙare, su tattauna. Mai kula da su, sau da yawa malamin lakwal ne, shi ɗauki maganarsu a aika Yamai. Tun lokacin nan anka gane baƙauye ba kunne kaɗai gare shi ba, shina da baki. Amma gidan radiyon shina nesa, kuma amsa tana daɗewa ba ta komo ba.

A shekara ta 1999 anka buɗa gidan radiyon jama'a na farko a karkarar Nijar. A Bankilare ne, wajen Tera, cikin jihar Tilaberi, sama da kilomita 200 daga Yamai. Lokacin nan garin ba shi da wutar lantarki, ba shi da tarho. Mutanen wurin manoma ne da makiyaya. Suna jin Sonrai, da Buzanci, da Fulatanci. Labari ba ya isa gare su da wuri, in ya iso ma sau da yawa ba cikin harshensu ba.

Mutanen gari sunka kafa ƙungiya, sunka tanadi ɗaki. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai suna PNUD ta kama masu. Ma'aikatar binciken yanayi ta Afirka mai suna ACMAD, wadda ke Yamai, ita ma ta sa hannu, don labarin ruwan sama shi riƙa isa ga manoma da makiyaya. Kayan aikin ba su da yawa. Kusan dukansu cikin akwati guda suke, kamar akwatin tafiya. Rana ke ba su wuta. Ƴan gari, maza da mata, sunka koyi aikin, sunka shiga magana da harsunan wurin.

Da anka ga abin ya yi, sai wasu garuruwa sunka bi sawu. Cintabaraden da Belbeji suna cikin na farko-farko. Sannu-sannu gidajen radiyon jama'a sunka haura 100 cikin ƙasa.

WA KE RIƘE DA SHI?

Tushen gidan radiyon jama'a ƙungiya ce. Ƙungiyar tana da takardun doka. Ita ke bidar izini wurin hukumar da ke kula da gidajen watsa labaru a Yamai. Hukumar ke ba kowane gida lambarshi bisa akwatin radiyo, don kada muryoyi su hau juna. Ba a buɗa gidan radiyo babu izini.

Bisa kowa akwai babban taro. Nan wakilan unguwanni da ƙauyuka ke haɗuwa: manoma, makiyaya, mata, samari, ƴan kasuwa, masu sana'a. Babban taro ke zaɓen kwamiti. Cikin kwamiti akwai shugaba, da magatakarda, da ma'aji, da masu binciken kuɗi. Kwamiti ke lura da kaya da asusu. Aƙalla sau 1 a shekara ya kamata shi zo gaban jama'a shi ce: ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga abin da ya rage.

Bayan kwamiti sai masu aikin yau da kullum. Akwai shugaban tasha, shi ke tsara shirye-shirye. Akwai masu magana, kowa da harshen da ya iya. Akwai mai kula da inji. Akwai mai gadi. Mafi yawansu ba su da albashi. Wani manomi ne, wani tela ne, wata ungozoma ce, wani malamin yaƙi da jahilci ne. Da rana suna wurin sana'arsu, da marece su zo radiyo. In asusu ya samu, a ba su ɗan kuɗin sabulu. In bai samu ba, sai godiya.

ƘAƘA MURYA KE ZUWA GIDANKA?

Ba tsafi ba ne. Mai magana shina zaune cikin ɗaki, gaban mikro. Mikro shi ɗauki muryar shi sa ta cikin waya. Wayar ta kai ta ga wani inji da ke daidaita murya da kiɗi. Daga nan sai injin watsawa. Shi kuma shi tura ta bisa dogon ƙarfen da ake ce ma antan. Daga kan antan muryar ke bazuwa ko'ina, kamar yadda ruwan tabki ke yin zobe in ka jefa dutsi. Akwatin radiyonka, ko salularka, shi cafke ta.

Irin wagga watsawa ita ake ce ma FM. Tana da murya garau, amma ba ta zuwa nesa ƙwarai. Miƙe take tafiya. Tudu ko dutsi shina tare ta. Shi ya sa ake sa antan wuri mai bisa. Ƙaramar tasha takan kai kamar kilomita 20 ko 30 kewaye da ita. In ƙarfe ya fi tsawo, inji ya fi ƙarfi, ta wuce haka.

Wuta kuma daga rana take. Allunan da ke bisa rufi su sha rana, su maida ta lantarki. Lantarkin shi taru cikin batir, kamar yadda ake tara ruwa a randa. Da dare a yi aiki da abin da anka tara. Randa ba ta ba da abin da ya fi cikinta. Don haka ne tashoshi da yawa ba su kwana suna magana. Su buɗa da safe awa kaɗan, su rufe, su sake buɗawa da marece, lokacin da mutane sunka komo daga gona.

Kayan nan suna da abokan gaba 3: ƙura, zafi, da tsawa. Ƙura in ta rufe allo, wuta ta ragu. Zafi shina gajiyar da batir da inji. Tsawa kuwa tana son dogon ƙarfe. Sai an riƙa share alluna da tsumma mai laushi, a bar iska shina shiga ɗakin inji, a kuma duba wayar da ke kai tsawa cikin ƙasa tun damana ba ta faɗi ba. Ko an kula da shi ƙwarai, batir ba ya dawwama. Bayan ƴan shekaru sai an sake shi.

MI YAKE YI MA GARI?

Da can sanƙira ke kewaya gari shina shela. Gidan radiyon jama'a sanƙira ne wanda muryarshi ke kai ƙauyuka da rugage lokaci guda.

Shina faɗin sanarwa. An yi rasuwa, an yi haihuwa, za a ɗaura aure. Da sai an tashi manzo bisa jaki ko bisa keke. Yanzu magana guda ta isa. Akuya ta ɓace, ko raƙumi, ko yaro ya ɓata ran kasuwa: a faɗi kamanninsu, wanda ya gani shi kawo labari.

Shina taimakon manomi. Ruwan farko ya kan ruɗi mutane. A yi shibka, ruwa shi ɗauke, iri shi ƙone. In ma'aikatan yanayi sun ba da labari, radiyo shi faɗe shi da Hausa, manomi shi auna da abin da ya sani. Malamin gona shi zo shi yi bayanin taki da iri mai saurin nuna. In fara ko tsutsar hatsi ta bayyana wani ƙauye, a faɗi da wuri. Manomin da ya iya sassaben zamani, wato barin ƴan itatuwa su tofo cikin gona, shi zo da bakinshi shi gaya ma ƴan'uwanshi yadda ya yi. Maganar wanda ka sani ta fi shiga kunne.

Shina faɗin farashin kasuwa. In ka san nawa anka saida tiyar hatsi da ta wake a kasuwannin da ke kusa, ɗan baranda ba ya cutarka cikin sauƙi.

Shina taimakon likita. A faɗi ranar rigakafin shan-inna, da na ƙyanda, da na sanƙarau. Tun shekara ta 2013 anka fara ba yara ƙanana maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin damana, wata-wata. Uwa tana bukatar ta san ranar da masu rabo za su zo, da yadda za ta ba yaro sauran ƙwayoyin a gida. Ungozoma ta yi ma mata magana bisa awon ciki. Mace ta fi sakin jiki in mace ƴar'uwarta ke magana.

Shina kashe wutar rigima. Kowace shekara, bayan girbi, hukuma tana tsaida ranar sakin gonaki. In makiyayi bai ji ranar ba, shi shigo da wuri, a yi ɓarna. In manomi bai ji ba, shi bar amfaninshi a gona. Radiyo shi faɗi ranar da Hausa, da Fulatanci, da Buzanci, safe da marece. Shi tuna ma kowa inda burtali ya bi. Tun shekara ta 1993 Nijar ke da dokar da ta tsara zaman karkara, kuma akwai kwamitocin kula da filaye. Mutane da yawa ba su san aikinsu ba. A radiyo ake kiran wakilansu su yi bayani, jama'a su yi tambaya.

Shina adana abin gado. Tsofaffi su ba da tarihin gari. A yi tatsuniya da kacici-kacici. Makaɗan gari su samu wurin da za a ji su. Ga kuma gaishe-gaishe, waɗanda kowa ke so.

ABIN DA BA YA YI

Gidan radiyon jama'a ba na jam'iyya ba ne. Ba na ɗariƙa guda ba ne, ba na ƙabila guda ba ne. Ba wurin zagi ba ne ko habaici. Ba a faɗin jita-jita cikinshi. Mai magana, in an kawo mashi labari, sai ya bincika: wa ya gani? Yaushe? Ina? In bai tabbata ba, shi yi shiru. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Kada ku ɗauki wanga abu wasa. A ƙasar Ruwanda, a shekara ta 1994, wani gidan radiyo ya yi ta zuga mutane bisa maƙwabtansu, har anka kashe dubban ɗaruruwan rayuka. Wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka hannu. Shi ya sa kwamiti ke sa ido bisa abin da ake faɗi.

KUƊIN FA, DAGA INA?

Ba don riba anka kafa shi ba, amma shina cin kuɗi. Batir, gyaran inji, takarda, kuɗin waya, man babur na zuwa ƙauyuka ɗaukar magana: duka kuɗi ne.

Ga ƙofofin da kuɗi ke shigowa. Akwai kuɗin sanarwa. Akwai katin gaisuwa da masu saurare ke saye. Akwai zubin ƴan ƙungiya. Akwai ma'aikatu da furoje da ke biya a yi masu shiri bisa lafiya, ko noma, ko karatun ƴan mata. Wani wuri ma'aikatar magajin gari tana taimakawa. Ƴan gari da ke zaune waje su ma sukan aiko.

Duk abin da ya shigo, asusu yake shiga. Ba a raba shi. In ya yi saura, a aje don gobe. Nan ne bambancinshi da kanti.

Ku lura da abu guda. Furoje baƙo ne. Shina da ranar zuwa, shina da ranar tafiya. Tashar da ta dogara ga furoje kaɗai, ranar da ya tafi ta shiga uku. Kuma in jama'a sunka janye hannu, wani mai kuɗi ko ɗan siyasa shi zo shi saye batir. Daga ran nan, abin da yake so shi za a faɗi. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi mashi aski.

MU YI LISSAFI

Ga misali. A ce gari da ƙauyukanshi suna da gida 500. Kowane gida shi zuba dala 20 a wata.

500 sau 20, dala 10.000 ke nan.

Dala 200 ita ce jika 1. Dala 10.000 jika 50 ke nan a wata.

Cikin wata 12, jika 600.

Wanda ba shi da kuɗi a hannu fa? Shi ba da hatsi da kaka. Gida 500, kowa tiya 1, tiya 500 ke nan. Tiya 40 ke cika babban buhu. An samu buhu 12 da tiya 20. A aje su, a saida lokacin da hatsi ya yi daraja, a sa kuɗin cikin asusun batir. Da haka, ranar da batir ya mutu, ba a rufe ƙofa.

ABIN DA KE KASHE TASHA

Na 1: rashin tanadi. A ci duk abin da ya shigo, ba a tuna batir zai mutu wata rana.

Na 2: rashin gaskiya ga kuɗi. A karɓi kuɗin sanarwa babu resi. Ma'aji shi aje kuɗi cikin aljihunshi. Kwamiti shi yi shekaru bai kira taro ba. In mutane sunka fara zargi, sun bar zubi ke nan.

Na 3: gajiyar ƴan sa kai. Su ma suna da iyali. In gari bai kula da su ba, da rani sai su tafi bida, tasha ta rasa mai magana. Gari shina iya yi masu gayya a gonakinsu. Kuma a riƙa koya ma sababbi, kada aiki shi tsaya ga mutum guda.

Na 4: mance wasu. In mata ba su da shiri, in makiyaya ba su jin harshensu, in ƙauyuka na nesa ba a zuwa ɗaukar maganarsu, za su ce radiyon ba nasu ba ne. Kuma ba su yi ƙarya ba.

RABONMU, MU ƳAN YAƘI DA JAHILCI

Gidan radiyo magana ce, amma ƙarƙashinta rubutu ne. Sanarwa rubuta ta ake. Resi rubutu ne. Littafin ma'aji lissafi ne. Tsarin shirye-shirye na mako a rubuce yake. Wa zai riƙe waɗannan in ba wanda ya yi karatu ba?

Kai da ka iya rubutu, rubuta ma maƙwabcinka sanarwarshi. In ka biya kuɗi, karɓi resi, ka karanta shi. Ran babban taro ka je, ka ce a karanta littafin kuɗi a gaban kowa. Ke da kinka iya karatu, je ki bidi shirin mata, kada ki ji kunya. Makarantarku tana iya haɗa ƙungiyar masu saurare, kamar yadda iyayenmu sunka yi a 1962. Ku saurara tare, ku tattauna, ku rubuta ma tasha wasiƙa: wanga shiri ya yi mamu, wancan bai yi ba, ga abin da muke so a yi magana bisa shi.

Mutanen garin da munka faɗa maku tun farko suna jiran baƙo shi zo shi buɗa masu ƙofa. Alhali mabuɗin shina hannunsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A MAKARANTA

1. Wane gidan radiyon jama'a kuke kamawa a garinku? Kun san ƴan kwamitinshi?

2. Yaushe anka yi babban taro na ƙarshe? Wa ya wakilci ƙauyenku?

3. In gida 300 sunka zuba dala 30 a wata, jika nawa za a samu a shekara?

4. Wane shiri kuke so a ƙara?

Ku rubuto mamu amsoshinku ta hannun malaminku. Za mu buga waɗanda sunka fi.

Allah shi ba mu zaman lafiya da damana mai albarka, amin.